Kurakuran da Ake Yi Wajen Ba da Shawarar Sayen Faifan Kiɗan Lantarki

Masu sauraron kiɗan lantarki na gwaji da kiɗan ambiyent, wato kiɗa mai tafiya a hankali da ke cika wuri, ba su da yawa a cikinmu, shi ya sa maganar mutum ɗaya takan sa wasu da dama su fitar da kuɗinsu. Abin da ya ishe ni shi ne yadda sababbin shiga suke maimaita kurakurai iri ɗaya duk lokacin da suka sayi faifai suka tashi yabonsa.

Babban cikinsu gaggawa ce. Mutum zai sayi faifai a Bandcamp, shagon sayar da kiɗa na intanet, da hantsi, ya kunna shi ta lasifikar waya ga ƙarar janareta a bayan taga, kafin la'asar har ya yanke hukunci cewa kowa ya saya. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri na can ƙasa, alhali a wannan fanni sau da yawa a nan ne aikin yake. Kuma kiɗan kansa ba ya bayyana cikin minti uku. A ɗauki The Disintegration Loops na William Basinski, wanda ya fara fitowa a 2002: kashinsa na farko ya haura sa'a guda, tsohon zaren kaset ne yake ta zagayawa, sinadarin da ke riƙe da sautin yana kankarewa kaɗan-kaɗan yayin da ake kwafe shi, har kiɗan ya riƙa yin giɓi yana cinyewa a kunnen mai sauraro. Wanda ya tsaya a farkonsa bai ji komai ba sai gajeren amo mai maimaituwa, to da wane baki zai yabe shi ko ya kushe shi?

Wannan ɗabi'a ta taɓa ja mini asarar da har yanzu take ci mini rai. Wani da na yarda da kunnensa ya dage cewa in sayi wani faifan garmaho daga Turai, na biya da kuɗin waje, kuɗin aikowa ya kusa kamo farashin faifan, na yi makonni ina jira. Da ya iso, gefensa na biyu tsuwa ce zalla mai huda kunne. Da na tambaye shi, ashe ɗan samfurin da aka sa a shagon intanet kaɗai ya ji. Wannan rashin amana ne, domin ya sa ni kashe kuɗi a kan abin da shi kansa bai saurara ba. Ni dai ba na buɗe baki a kan faifai sai na ji shi daga farko har ƙarshe da abin sauraro na kunne mai kyau, in sake jin sa ta lasifikar ɗaki bayan dare ya tsala, sannan in bar shi ya yi mako guda.

Kuskure na biyu shi ne zuba komai a buhu ɗaya da sunan "kiɗan kwantar da hankali". Brian Eno ne ya yaɗa sunan ambiyent da faifansa Music for Airports a 1978, kiɗan da mutum zai iya sa masa kunne ko ya bar shi ya cika wuri kawai. Amma kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala yana fitar da singeli, kiɗan rawa na Dar es Salaam mai gudun gaske, shi ma a shagon kiɗan gwaji ake samun sa. Duk wanda ya miƙa wa mai neman barci irin wannan bai yi masa adalci ba. A faɗi tsawon faifan, a faɗi ko akwai bugun ganga da murya, a faɗi ko yana da tsuwa.

Haka kuma a bambance sabon aiki da tsohon da aka sake bugawa. Kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2013, tun 1978 aka naɗe shi a kaset, kuma mutanen Yamai sun daɗe suna jin sa a rediyo da talabijin. Kiran sa sabon abu tauye tarihin mai shi ne.

A rubuta sunan makaɗi da na kamfani daidai yadda suke, domin harafi ɗaya kan hana mai nema samu. Idan kaset ne da aka buga kwafi kaɗan, a faɗa da wuri. Kuma kada a tura wa abokai fayil ɗin da aka saya ta WhatsApp, a tura musu inda za su saya da kansu, domin yawancin waɗannan makaɗan da ɗan cinikin nan suke biyan kuɗin buga faifai na gaba.