Yadda ake sa wa a-kori-kura taya biyu-biyu a baya ko taya mai faɗi

A Amurka ne wannan aikin ya fi ƙarfi, inda ake kiran a-kori-kura mai taya huɗu a baya da suna duwali. Ford F-350, Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500HD duk suna fitowa haka daga kamfani, domin masu jan manyan tireloli na dawaki, shanu da injinan gini. Daga baya masu ƙawata mota suka shigo, suna mayar da mai taya ɗaya zuwa biyu-biyu, ko su cire tayoyin kamfani su sa masu faɗi. Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka riƙe wannan: ƙarin taya ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar lodi. Iyakar nauyin da aksul ɗin baya zai ɗauka yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma safirin, birki da ƙashin motar ne suka tsayar da shi. Abin da taya biyu-biyu ke bayarwa shi ne natsuwa: bayan mota ya daina lilo idan tirela ta yi nauyi ko iska ta bugo ta gefe, kuma idan ɗaya ta fashe ɗaya za ta riƙe ka har ka gangara gefen titi.

Fara da aksul. Iri biyu ne. Akwai wanda shaf ɗinsa ke juya taya kuma yake ɗauke da nauyin mota a lokaci guda, a kan boris ɗaya, irin na Hilux. Akwai kuma wanda nauyin ke zaune a kan bututun aksul ta boris biyu, shaf ɗin juyawa kawai yake yi. Za ka gane na biyun da kan ƙarfe da ya turo a tsakiyar wili, da kusoshi kewaye da shi, kamar na Kanta da Dyna. Wannan na biyun ne kaɗai ya dace da taya biyu-biyu. Idan aka ɗaura wa irin na Hilux, tsakiyar nauyi na matsawa waje, boris ya riƙa zafi, ƙarshe shaf ya karye daga bakinsa, kuma idan ya karye da tayar yake fita. Ko da bakanike ya ce zai yi maka, kada ka yarda.

Hanya mafi inganci ita ce a sayo cikakken aksul na duwali, irin su Dana 80 ko AAM 11.5, a ɗora shi da birkinsa. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce adafta, wato faifan ƙarfe mai kauri da ake ɗaurawa a kan kusoshin asali, shi kuma ya zo da nasa kusoshin. A nan lissafin ramuka yake da muhimmanci, domin kusoshi takwas ba duka ɗaya ba ne. Ford mai taya ɗaya tun 1999 yana da 8x170, ma'ana ramuka 8 a kan da'irar milimita 170, amma F-350 duwali daga 2005 yana da 8x200. Chevrolet daga 2011 yana da 8x180 a mai taya ɗaya, 8x210 a duwali. Ram ya daɗe a kan 8x165.1, sai duwalinsa ya koma 8x200 a 2019. Ramin tsakiyar wili ma dole ya zauna daram a kan wuyan ƙarfen da ke riƙe shi, saboda a waɗannan motocin wuyan ne ke daidaita wili, noti matsewa kawai yake yi. Idan akwai ɗan wasa a wurin, mota za ta yi ta karkarwa, noti kuma ya riƙa kwancewa. Gaba ma tana buƙatar nata adaftan, domin wili irin na duwali mai zurfin ciki ya shiga, sifiya ɗaya ta yi wa ko'ina aiki.

Sai tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu, wadda ita ce ke kashe mafi yawan irin wannan aiki. Taya idan ta ɗauki lodi takan buɗe ciki daga ƙasa. Idan tazarar ta yi kaɗan, gefen ta ciki da na ta waje za su riƙa gogar juna a kowane juyi, zafi ya taru, wayar ciki ta gaji, taya ta fashe ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Shi ya sa kamfani ke sa siririyar taya a duwali, irin LT235/80R17 ko LT245/75R17, a kan wili mai faɗin inci 6 ko 6.5. Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya biya kuɗi. Taya 235 faɗinta milimita 235 ne. Taya 35x12.50 da samari ke so faɗinta inci 12.5, kusan milimita 318. Bambancin milimita 83 ne, kowace taya ta ƙaru da kusan 41 ta kowane gefe. Tayoyi biyu suna fuskantar juna, kenan tazarar ta ragu da 83 gaba ɗaya, sama da inci 3, ta cikin kuma ta matsa kusa da safirin da milimita 41. Zoben tazara na inci 2 da aka saba sawa tsakanin wili biyu bai cike wannan gurbin ba. Ƙari a kan haka, taya mai inci 12.5 tana son wili mai faɗin aƙalla inci 8.5, idan aka matse ta a kan na inci 6, tsakiyarta ce za ta cinye. Wanda yake son ɗan ƙarin girma ba tare da ciwon kai ba, 255/80R17 ta fi hankali, tunda milimita 20 kawai take ci daga tazarar. Kowane kamfanin taya yana rubuta mafi ƙarancin tazara ga kowace lamba, a nemi wannan adadin. A auna kuma bayan an ɗora lodi, ba mota na wofi ba.

A gefen taya za ka ga lamba biyu kamar 120/117. Ta farko nauyin da za ta ɗauka ne ita kaɗai, kilo 1,400. Ta biyu idan an haɗa ta da 'yar'uwarta ne, kilo 1,285. An rage ne saboda titi ba shimfiɗe yake ba, sau da yawa ɗaya na ɗaukar fiye da rabonta. Da ta biyun ake lissafi.

Tayoyin da za su zauna tare dole su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, cin su ɗaya. Kada tsayinsu ya bambanta da fiye da milimita 6. A ɗaure suke, juyi ɗaya suke yi, don haka babbar za ta ɗauki nauyin ta yi zafi, ƙaramar kuma a riƙa jan ta a ƙasa tana gogewa. Iska ma haka: idan ta ciki ta yi ƙasa da ta waje, sakamakon ɗaya ne. Ta cikin ce kullum ake mantawa da ita, tunda ko ta sace ba a gani, ta waje na riƙe da motar. Sa mata dogon bawul na ƙarfe, ka jera ramukan wili biyun yadda hannu da geji za su kai gare shi, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Dukan taya da sifana don jin sauti ba awo ba ne. 80 psi da ke rubuce a jikin irin wannan tayar iyaka ce. Abin da motar ke buƙata yana takardar ƙofa. Mai sayen taya 'yar gwanjo ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Wajen ɗaurawa, a kankare tsatsa, laka da fenti mai kauri daga duk fuskar da ƙarfe zai haɗu da ƙarfe. Duk abin da ya rage a tsakani zai murƙushe a hanya, noti ya saki. A matse noti a gicciye, zagaye biyu ko uku, da sifana mai geji. A ƙirar wasu shekarun Ford na son Nm 224, Chevrolet Nm 190 (Nm ma'aunin ƙarfin matse noti ne). Ford ya ce a ɗiga bakin mai digo ɗaya tsakanin noti da faifansa mai juyawa, ba a kan zaren kusa ba, sannan a sake matsewa bayan kilomita 160, a kuma maimaita a 800. Idan akwai adafta, notin da ke ƙarƙashinta ma sai an cire wili an duba su. (Wanda ya saba da tsofaffin Kanta ya san notin gefen hagu baibai ake kwance su, waɗannan na Amurka duk hannu ɗaya ne.)

Taya mai tsayi tana canza lissafin giya. Daga inci 31.8 na 235/80R17 zuwa inci 35 na 35x12.50 ƙarin kashi 10 cikin 100 ne: agogon gudu na nuna 100, kai kuwa kana 110, mota ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala. Idan lambar giyar cikin aksul ɗinka 3.73 ce, canza ta zuwa 4.10 zai dawo da ƙarfin ja kusan yadda yake. Mai jan ƙafa huɗu sai ya canza gaba da baya tare.

Duwali faɗinsa kusan mita 2.4 ne, don haka sai an ƙara madigadi da zai rufe tayar waje. A Amurka duk motar da faɗinta ya kai inci 80 (kusan mita 2) dole a sa mata ƙananan fitilun alama a rufin kai da gefe. A hanyar ƙauye kuwa, mai yashi ko taɓo, duwali ba ya daɗi: tayar waje ba ta bin sawun ta gaba, laka na cika tsakani, dutse kuma na maƙalewa ya yanka gefen tayoyin biyu lokaci guda. Mai irin wannan hanyar gara ya sa taya ɗaya mai faɗi a kowane gefe, wadda lambar nauyinta sau biyu ta kai abin da aksul ke ɗauka. Wanda kuma ya riga ya sa biyu-biyu, duk lokacin da ya sauko daga hanyar tsakuwa ya tsaya ya leƙa tsakaninsu da tocila kafin ya hau kwalta ya taka mai.