Yadda ake raba gardamar mallakar fili ko gida a arewacin Kamaru

A Amurka, idan mallakar gida ta shiga ruɗani, mai gidan yakan shigar da ƙara guda ɗaya, a aika wa duk mai da'awa sammaci, a buga sanarwa a jarida saboda waɗanda ba a san inda suke ba, sannan alƙali ya yanke hukuncin da zai rufe bakin kowa. A Kamaru ba haka tsarin yake ba, kuma mutane da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundare sun yi asarar kuɗi da shekaru saboda sun kai kukansu inda ba a da hurumin sauraronsa. Abin da ya kamata mutum ya fara tantancewa, tun kafin ya je wurin lauya, shi ne ko filin da ake jayayya a kansa yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da hukuma ta yi wa rajista, ko ba shi da shi, domin amsar wannan tambaya ce take nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ana samun amsar a ofishin ajiyar rajistar filaye na ma'aikatar filaye da safiyo, inda za a biya kuɗi a karɓi takardar shaida mai nuna sunan wanda aka rubuta wa filin, da girmansa, da ko an jinginar da shi a banki. Bai kamata a dogara da kwafin da mai sayarwa ya zaro daga aljihu ba, ko da hatiminsa ya fito raɗau.

Idan filin ba shi da titir, to a idon doka yana cikin filayen ƙasa, kamar yadda dokar 6 ga Yuli 1974 ta tsara. A nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Takardar ciniki da aka rubuta a zaure, jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya buga hatimi, shaidu suka dangwala yatsa, ba ita ce mallaka ba. Dokar ta ce cinikin filin da ba a yi wa rajista ba ɓatacce ne, filin da ke da rajista kuma ba a sayar da shi sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki. Wannan ba ya nufin a yar da takardar jauro. A adana ta da kyau, domin tana nuna tun yaushe mutum yake zaune a wurin da kuma hannun da filin ya fito, amma a san cewa matsayinta na shaida ne kawai.

Gardama a kan irin wannan fili ba ta kotun farar hula ba ce. Hurumin kwamitin ba da shawara ne, wanda superefe, wato shugaban gunduma, yake jagoranta, tare da jami'an filaye da na safiyo, da sarkin yankin da dattawansa biyu. Wanda yake so ya rufe maganar gaba ɗaya sai ya nemi a yi wa filin rajista da sunansa, bisa dokar 27 ga Afrilu 1976 da aka yi wa gyara ranar 16 ga Disamba 2005. Yana ajiye buƙatarsa a ofishin superefe ya karɓi rasit, kuma rasit ɗin nan abin riƙewa ne da hannu bibbiyu, saboda ranar da ke jikinsa tana iya raba shi da wanda ya zo bayansa. Rajista kai tsaye ta shafi filin da aka zauna ko aka raya kafin 5 ga Agusta 1974. Wanda ya raya fili bayan wannan rana, ta hanyar neman izinin riƙo na wucin gadi yake bi.

Ranar da kwamitin zai fito duba fili ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a ganina nan ne ake ci ko a faɗi. Kwamitin ba dogon tarihi yake nema ba, abin da ido zai gani yake nema: tsohuwar rijiyar da bakinta ya sha igiya, kufan ɗakin da kaka ya gina, mangwaron da mutum biyu ba sa iya rungumarsa, kunyoyin gonar da ba a taɓa bari ta kwana ba. A tabbata maƙwabtan kusurwa huɗu suna nan tsaye lokacin da mai awo yake kafa duwatsun iyaka, a kuma kawo dattijan da suka riski shekarar 1974 da hankalinsu. Kafin a sa hannu a rahoton, a nemi wanda ya iya Faransanci kuma aka amince da shi ya karanta shi daga farko har ƙarshe, domin sunan da aka rubuta ba daidai ba a wannan rana yana iya bin 'ya'ya da jikoki.

Bayan haka ana buga sanarwa a mujallar filaye ta yankin, a ba da kwana 30. Duk mai ja, ko ɗan'uwa ne da aka tsallake a gado ko maƙwabcin da aka ci wa iyaka, cikin wannan wa'adi zai rubuta ƙin amincewarsa, ya bayyana sunansa da dalilinsa da hujjojinsa, ya karɓi shaidar an karɓa. Faɗa wa jami'i da baki a bakin ƙofa ba ya shiga rajista. Idan ba a sasanta ba, gwamna ne yake yanke magana bayan jin ra'ayin kwamitin; wanda bai gamsu ba ya kai wa ministan filaye, daga nan sai kotun gudanarwa. Wanda ya yi sakaci da kwana 30 ɗin nan ya sayo wa kansa doguwar wahala, domin da zarar titir ya fito, doka tana ɗaukarsa tabbatacce wanda ba a ja da shi.

Duk da haka ba a toshe kowace kafa ba. Wanda aka cuta ta hanyar zamba yana iya neman diyya daga wanda ya zambace shi a kotun farar hula, sai dai diyya ce ba fili ba. Idan kuwa hukuma ce ta yi kuskure a aikinta, misali kwamitin bai taɓa zuwa wurin ba, ko an yi watsi da ƙin amincewar da aka shigar a kan lokaci, ko an ba da titir biyu a kan fili ɗaya, minista yana da ikon janye takardar. Dole a fara rubuta masa koke. Idan ya yi shiru wata 3, doka ta ɗauka ya ƙi, daga nan mai koke yana da kwana 60 ya shigar da ƙara a kotun gudanarwa da ke babban birnin yankinsa. Wanda ya tsallake koken ya tafi kotu kai tsaye, za a kori ƙararsa ba tare da an duba ko yana da gaskiya ba, shi ya sa a wannan gaɓa ɗaukar lauya ba almubazzaranci ba ne.

Mai titir da ya tarar wani ya fara gini a filinsa, kada ya tara matasa su rushe. Ya kira wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da sammaci, ya zo ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa mai ginin takardar gargaɗi, sannan a nemi kotu ta dakatar da aikin ta kuma fitar da shi. Dokar 14 ga Yuli 1980 ta tanadi tarar sefa 50,000 zuwa 200,000, ko ɗaurin wata 2 zuwa shekara 3, ko duka biyun, ga wanda ya mamaye filin wani ba da izininsa ba.

Gidan gado yana da nasa matakin. Rabon da malamai suka yi bisa shari'a yana kwantar da hankalin iyali, amma ba ya canja sunan da ke cikin rajista. Sai magada sun yi taron dangi sun rubuta abin da suka amince, sun kai kotu ta ba su hukuncin tabbatar da magada mai ɗauke da sunan kowa, har mata da ƙananan yara da wanda ya daɗe a Legas ko Njamena, sannan a kai hukuncin ofishin rajista a mayar da titir ɗin da sunansu. Wanda zai sayi irin wannan gida daga hannun babban wa ya nemi ganin wannan hukunci, ya kuma tabbatar sauran magada sun sa hannu a gaban notar kafin ya ƙirga ko sisi.