Kalmomin Shari'a da Ya Kamata a Fahimta Kafin a Sa Hannu a Yarjejeniyar Haya

Da yawa daga cikin rigingimun da ke kai mai gida da ɗan haya gaban alƙali suna samo asali ne daga cinikin baki da aka ƙulla ta hannun dillali, aka biya kuɗi, aka karɓi makulli, ba tare da an rubuta komai ba. Doka ta amince da hayar da aka ƙulla da baki idan gajeriya ce, amma ranar da saɓani ya taso, wanda yake riƙe da takarda shi ne a sama. Idan kuwa hayar za ta wuce shekara 3, to wajibi ne a rubuta ta a matsayin cikakkiyar takardar shari'a, kuma ya fi kyau lauya ya tsara ta.

Abu na farko da za a duba shi ne irin wa'adin hayar, domin kusan duk haƙƙin ɗan haya a kansa yake rataye. Akwai haya mai ƙayyadadden wa'adi, wadda aka rubuta ranar farawarta da ranar ƙarewarta, kuma tana mutuwa da kanta idan ranar ta zo. Akwai kuma haya mai sabunta kanta, ta mako ko ta wata ko ta shekara, wadda take ci gaba har sai ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya ba da sanarwa. Bambancin yana bayyana ne a wajen notis, wato takardar umarnin tashi. A dokar da ke aiki a Abuja, da kuma dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ɗan hayar mako yana da haƙƙin notis na mako guda, na wata yana da wata guda, mai biya duk wata uku yana da wata uku, mai biyan shekara kuwa yana da wata shida. Sai a lura da sharaɗin nan na "idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba", saboda mutum zai iya sa hannu a takardar da ta rage masa wata shida zuwa wata ɗaya bai sani ba, kuma kotu za ta riƙe shi a kan abin da ya sa wa hannu. Kowace jiha tana da tata dokar, don haka a tambayi lauya abin da ke aiki a garin da gidan yake.

Ƙarewar notis ba ta ba mai gida ikon fitar da mutum da hannunsa ba. Dole ne ya sake ba da takarda ta biyu ta kwana 7, wadda ke bayyana niyyarsa ta zuwa kotu don karɓar gidansa, sannan ya jira hukunci. Yaye rufin kwano, sa kwaɗo a ƙofa, yanke wuta ko watsa kayan ɗan haya waje duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma suna iya jawo wa mai gida biyan diyya ko da yana bin bashin haya. Shi ma ɗan haya kada ya ɗauka zaman da ya yi bayan cikar wa'adi kyauta ne, domin kotu tana iya sa shi biyan kuɗin zama na duk kwanakin da ya ƙara.

Sai batun kuɗi. La'adar dillali da kuɗin lauya ba sa cikin kuɗin haya kuma ba a mayar da su, alhali kuɗin ajiya na ɓarna amana ne da ya kamata a dawo da shi ranar tashi, bayan an cire kuɗin gyaran abin da ɗan haya ya lalata. A rubuta adadinsa a takarda, a kuma ɗauki hoton ɗakunan ranar shiga. Kowane biya ya zo da rasit mai ɗauke da kwanan wata, sunayen ɓangarorin biyu da watannin da kuɗin ya shafa. Masu neman gida a Agege ko Idi-Araba su sani cewa dokar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ba ta shafi wasu unguwanni kamar Ikoyi da Apapa ba.

Haya a kan haya, wato ɗan haya ya sa wani a gidan yana karɓar kuɗi, tana buƙatar izinin mai gida a rubuce idan yarjejeniya ta yi wannan sharaɗi, kuma yawanci tana yi. A kuma bambanta haya da jingina, inda ake ba mai gida dunƙulen kuɗi a zauna har ya mayar, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar cewa wanda ke ba da hayar shi ne mai gidan, ko wakilin da aka ba izini a rubuce. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, a nemi sa hannun magada ko wanda suka wakilta, tare da shaidu biyu.