Yadda Sabon Direba Zai Mallaki Lasisin Tuƙa Babbar Mota a Najeriya

Yawancin direbobin tirela da tanka da ke kwana a Tafa ko Mararrabar Jos sun fara ne a matsayin yaran mota. Sun yi shekaru suna wanke mota, suna ɗaure tamfol, suna sa wa taya waigi a kan gangara, kafin maigida ya yarda ya miƙa musu sitiyari a hanyar da babu cunkoso. Wannan horo yana da daraja, domin babu makarantar da za ta koya wa mutum gane lafiyar inji daga ƙararsa kamar yadda doguwar tafiya take koyarwa. Sai dai hukuma ba ta duba shekarun da mutum ya yi a gefen direba, takarda take dubawa, kuma dole takardar ta dace da irin motar da ake tuƙawa.

Abu na farko shi ne sanin ajin lasisin da ake buƙata. Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012 sun rarraba lasisi zuwa azuzuwa. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida wadda nauyinta bai kai tan 3 ba, C kuma na ƙananan motoci masu irin wannan nauyi har da tasi. Mai son tuƙa babbar motar kaya wadda kanta da bodinta a haɗe suke, kamar tifa, ajin D yake nema. Ajin E ya haɗa da manyan motocin fasinja, F na tarakta ne da injunan noma, H kuma na motocin aikin ƙasa irin su katafila. Tirela da tanka masu jan bodi suna ƙarƙashin ajin G. A nan ne sababbin direbobi da yawa suke kuskure, domin suna ɗauka cewa duk wanda ya riƙe lasisin babbar mota ya samu izinin jan tirela, alhali mai ajin D da aka tare da tirela daidai yake da wanda ba shi da izinin wannan motar, kuma idan haɗari ya auku kamfanin inshora na iya kafa hujja da hakan ya ƙi biyan diyya.

Sai batun shekaru da lafiya. Ana ba da lasisin motar gida daga shekara 18, amma na tuƙin haya da kasuwanci sai mutum ya kai 26. Saboda haka matashin da ke bin mota yana da kyau ya fara mallakar ajin B, ya yi amfani da shekarun da ke tsakani wajen goge hannunsa. Ana kuma buƙatar takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, kuma ina ba da shawarar a ɗauki gwajin ido da na hawan jini da muhimmanci, kada a karɓi takardar da aka sa wa hannu ba tare da an duba mutum ba. Wanda zai ja tan 30 na siminti daga Obajana zuwa Sakkwato cikin dare ya kamata ya san iyakar ganinsa tun kafin ya tashi.

Daga nan sai makaranta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke tantance makarantun koyon tuƙi, kuma sabon mai nema ba ya samun lasisi sai da shaidar makarantar da ta amince da ita, bayan kammala darussa 26. Kafin a biya kuɗi, a tambaya ko makarantar tana cikin jerin hukumar, sannan a nemi ganin motar da za a koya da ita da ido, domin makarantu da dama ƙananan motoci kawai suke da su. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya tana daga cikin wuraren da ake horar da direbobin manyan motoci.

A wajen koyo, akwai abubuwan da bai kamata a wuce su da gaggawa ba. Birkin babbar mota da iska yake aiki, don haka dole direba ya saba da duba ma'aunin iska kafin ya motsa, ya kuma san cewa yawan taka birki a kan doguwar gangara yana rage iskar, yana kuma ɗumama birkin har ya daina kamawa. Abin da ya dace shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa. Haka nan ribas da tirela sai an yi ta maimaitawa, saboda bodin yana karkata zuwa kishiyar inda aka juya sitiyari. A koyi buɗe kwana, a koyi haɗa kai da bodi da tabbatar da cewa ya kulle, a kuma san wuraren da madubi ba ya nunawa, musamman gefen dama inda 'yan acaɓa suke kutsawa. Mai sha'awar tanka yana da ƙarin aiki, domin man da ke ciki yana kaɗawa, kuma tankin da bai cika ba ya fi saurin kifar da mota a kwana. Gobarar tankar da ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayukan fiye da mutum 150, ta isa ta sa duk mai neman wannan aiki ya nemi horo na musamman. Ƙa'idar gudu ga tirela da tanka ita ce kilomita 60 a awa a kan tagwayen hanya, 50 a sauran manyan hanyoyi.

Bayan kammala makaranta, jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, su ne ke yin gwajin tuƙi. Wanda ya ci sai ya cike fom ta intanet da lambarsa ta NIN, ya biya kuɗin ta hanyar da aka tsara, ya kai takardun ofishin tattara kuɗin shiga na jiharsa, sannan ya je cibiyar lasisi da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Za a ba shi na wucin gadi mai aiki na kwana 60, kafin na dindindin mai shekara 3 ko 5 ya fito. Duk wanda ya ce zai kawo maka lasisi har gida ba tare da an ɗauki yatsunka ba, jabu zai kawo maka, kuma ranar da aka duba lambar a kwamfuta za a gane.

Idan katin ya fito, a duba harafin ajin da aka buga da rubutun suna da ranar haihuwa kafin a bar ofishin. Wanda kuma zai riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙasashen ECOWAS, sai ya tabbatar motar tana da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa tare da sauran takardunta.