Motar hannu za ka saya? Je ka same ta inda ta kwana

Ni dai duk wanda ya ce min zai sayi motar hannu, abu na farko da nake gaya masa shi ne kar ya yarda a kawo masa ita injin da zafinsa. Kai za ka je inda ta kwana, da sassafe, ka ɗora hannu a bonet ka ji shi sanyi ƙalau, sannan a tayar a gabanka. Injin in ya ɗau zafi yana ɓoye abubuwa da yawa, wahalar tashi da ƙwas-ƙwas ɗin nan duk sai su lafa. Na taɓa sayen wata da aka kawo min da rana tana ta sheƙi, washegari da safe sai da muka tura ta, wallahi har yau abin yana min ciwo.

Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi ka kalli dashbod. Fitilar injin da ta baƙin mai dole su kama, in mota ta tashi kuma su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko ka tambayi dalili, don akwai masu kashe ta da gangan. Daga nan zagaya baya ka tsaya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi-shuɗi injin na shan baƙin mai ke nan, baƙi kuma mai ne ya yi yawa ba ya ƙonewa daidai. Ɗan farin tururi da safe ba komai ba ne, amma fari mai kauri da ya ƙi yankewa bayan mota ta yi zafi, to ruwa na shiga injin, galibi gaskit ne ya ƙone, kuma aikinsa ba ƙarami ba ne. Buɗe murfin baƙin mai ma ka leƙa, in ka ga abu kamar madara ya manne a ciki, ka yi taka-tsantsan. Shi kuwa murfin lagireto kar ka kuskura ka taɓa shi da zafi.

Bodi a hasken rana ake duba shi, ban da dare ban da lokacin ruwan sama. Tsuguna ka hango gefen motar daga gaba zuwa baya, inda fenti ya bambanta ko tazarar ƙofa ɗaya ta fi ta ɗaya an yi gyara a wurin. Ɗan maganaɗisu ka bi da shi, inda ya ƙi kamawa a ƙarfe ciko ne aka yi. Ɗaga kafet ɗin but da na ƙarƙashin kujera, tsatsa ko busasshen laka ko warin rima alama ce ta taɓa nutsewa a ruwa, irin wannan ni ko kyauta ba na so, don wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba.

Taya tana da lambobi huɗu a gefe, misali 2319 na nufin an ƙera ta a sati na 23 a 2019. In ta cinye ta gefe guda akwai matsalar saiti ko ƙafa. Kilomita kuwa ana juya ta, saboda haka gwada ta da yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka goge. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zo ɗaya a jikin mota da takardu.

Sai tuƙi. Kashe rediyo, ka bi hanya mai gargada ka saurari ƙafafu, ka hau titi mai kyau ka ji ko giya na shiga sumul ba fizga, ka taka birki ka ga ko tana janka gefe. In kun dawo a bar ta a kunne minti goma ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Kuma ka taho da bakanikenka, ba na mai motar ba, ya jona mata kwamfuta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari. In mai ita ya fara ƙorafi a kan wannan, yi masa sallama ka tafi.