Yadda Ake Fita Yawon Ƙafa da Yara a Karkarar Ingila

Iyalai da dama daga Agege, Idi-Araba da Obalende kan je Ingila lokacin dogon hutu, ko bikin yaye ɗalibi ko ziyarar 'yan uwa, sai hutun ya ƙare tsakanin kantuna da falon mai masauki. Alhali tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Landan ta isa ta kai ku cikin tuddai masu ciyawa da tumaki, inda shiga kyauta ne. Sharaɗin dai shi ne ku auna tafiyar da ƙafar autanku, kuma ku riƙe duk abin da za ku buƙata, domin can babu mai tallan ruwan leda, babu ɗan acaba da zai kwaso wanda ya gaji.

A fara da doka, don ita ce ke rikita baƙo. Yawancin filayen da za ku ratsa gonakin mutane ne, amma dokar ƙasar ta ba kowa damar bi ta wasu turbobi da suka keta cikinsu. Damar ta turbar ce kaɗai, ban da sauran gonar. Za ku ga ƙananan kibiyoyi a jikin turaku da ƙofofi: ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce zalla, shuɗiya kuwa har da masu doki da keke, don haka a riƙe hannun ƙanana. Ƙofar da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe, wadda kuka tarar a buɗe ku bar ta haka, manomi ya san dalilinsa. Ba a hura wuta, kuma kowa da shararsa yake komawa gida. Taswirar da ta dace ita ce ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar, mai suna Explorer, mai bango ruwan lemo. Santimita 4 a kanta kilomita 1 ne a ƙasa, kuma turbobin da aka halatta suna fitowa da koren layi mai tsinke-tsinke. Idan a waya za ku duba, ku sauke ta tun a gida, saboda sabis kan ɗauke a cikin kwari.

Lissafin lokaci: babban mutum yana cin kilomita 5 a awa, a ƙara minti 10 kan kowace mita 100 ta hawa. Da yaro ɗan shekara biyar, ku ɗauka kilomita 2 ne a awa, domin sai ya tsaya kallon kowane ɗan rago. Fitar farko kada ta wuce kilomita 4 zuwa 5, zuwa da dawowa. A Legas magariba ba ta nisa da ƙarfe bakwai duk shekara, can kuwa a watan Yuni rana kan kai tara da wani abu ba ta faɗi ba, a Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Wanda ya fita bayan azahar cikin hunturu da lissafin Legas, duhu zai riske shi a tsakiyar gona. Mayu zuwa Satumba ya fi.

Wuri mafi sauƙi ga masu ƙananan yara shi ne Seven Sisters, jerin fararen duwatsu a gaɓar tekun kudu. Daga tashar Victoria a shiga jirgi zuwa Brighton, sannan bas mai lamba 12 zuwa Exceat. Daga nan akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar kankare, kusan kilomita 2, da ke bin kogin Cuckmere har bakin teku, keken jarirai ma yana bi. Fararen duwatsun da ake ɗauka a hoto alli ne, kuma yana zaftarewa ba tare da alama ba. Idan kun hau sama, ku bar aƙalla mita 5 tsakaninku da baki, kada kuma ku shimfiɗa tabarma a gindinsu.

Box Hill a yankin Surrey ya fi dacewa da 'yan shekara bakwai zuwa sama. Jirgi daga Victoria ko Waterloo zuwa tashar Box Hill & Westhumble bai cika wuce awa ɗaya ba. Abin da yara ke so a nan shi ne duwatsu 17 da aka jera a kogin Mole, ana taka su ɗaya bayan ɗaya a haye. Bayan ruwan sama kogin kan shanye su, to kada a gwada, akwai gadar ƙafa kusa. Da an haye sai matakala sama da 200 zuwa ƙololuwa, inda ake samun shayi da banɗaki. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin alli idan ya jiƙe santsinsa kamar miyar kuɓewa ne. Babba ya shiga gaba, yaro a baya, a sauko a karkace.

Mai son ƙauyukan dutse sai yankin Cotswolds: jirgi daga Paddington zuwa Moreton-in-Marsh, kusan awa ɗaya da rabi, sai bas zuwa Bourton-on-the-Water. Daga nan zuwa Lower Slaughter kilomita 2 ne da ɗoriya, babu hawa, sai dai akwai babban titi guda da za a tsallaka. Ku duba lokacin bas na ƙarshe kafin ku bar tasha, musamman ranar Lahadi.

Kan kuɗin jirgi, yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ne, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi. Katin Family & Friends Railcard yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin 100.

Takalmi ne ke ɓata yawancin fita. Silifas da takalmin fita unguwa ba sa riƙe laka. Ku nemi kambas ko but mai kaushin ƙasa a gwanjon Katangowa ko Yaba, a gwada shi da safa mai kauri, a bar sararin yatsa ɗaya a gaba. A sa shi mako biyu kafin tafiya, a riƙa hawa da sauka a gadar masu ƙafa ta Oshodi ko matakalar bene, tunda Legas ba ta da tuddan gwaji. Sabon takalmi a ranar fita bororo yake kawowa. Tufafi kuwa hawa uku: riga mai saurin bushewa a ciki, suwaita, sai rigar ruwa mai hula, ko da gari ya waye garau. Shadda da atamfa auduga ce, idan ta jiƙe tana riƙe sanyi a jiki. Doguwar abaya kan maƙale a matakalar katakon da ake hawa a tsallake shinge, saboda haka Hajiya ta sa wando a ciki, da hijabi mai tsayawa a ƙugu. A irin wannan shinge goyo ya fi keken jarirai nesa ba kusa ba.

A jaka: lita ɗaya ta ruwa ga kowane babba, rabi ga yaro, da ƙarin gora don alwala, fulas na shayi, burodi, dafaffen ƙwai, dabino, filasta, matsefata da ledar shara. Kada ku ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, an hana shiga da nama ƙasar daga Najeriya, za a ƙwace a filin jirgi. Alƙibla ma ta sauya: a Legas arewa maso gabas ake fuskanta, a Ingila kudu maso gabas.

Shanu can ba su da makiyayi a tare da su. Idan turba ta ratsa garke, musamman mai 'yan maruƙa, ku zagaya daga nesa a natse, ba gudu, ba ihu, kada a shiga tsakanin saniya da ɗanta. Akwai wani ganye mai baki kamar zarto a gefen hanya da ke sa raɗaɗi da ƙuraje da zarar an taɓa shi. A wanke wurin da ruwa, kada a sosa, zai lafa. Abin da ya fi shi muhimmanci kaska ce, wadda ke iya ɗauke da cutar Lyme. Ku cusa ƙafar wando cikin safa a doguwar ciyawa, da dare kuma a duba bayan kunne, hammata da bayan gwiwar yara. In an ga kaska, a kama ta da matsefata dab da fata a ja sama a hankali, ba a ƙona ta, ba a shafa mata man shafawa. Idan wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko bayan kun dawo Legas ne, ku gaya wa likita cewa kaska ta ciji yaron a Ingila, kada a tsaya kan maganin maleriya.

Inda turba ta faɗa kan titin ƙauye marar gefen masu ƙafa, ku tuna motocinsu hagu suke bi. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya a hannun dama don ku riƙa ganin motar da ke tahowa, babba a gaba, babba a baya. Lambar gaggawa 999 ce, ko 112.