Yadda ake haɗa dattawa da matasa zama ɗaya a ƙauye

Kada a fara da taron jawabi. In aka jera kujeru aka ɗauko lasifika, dattawa za su yi nasiha, samari su sunkuyar da kai, a watse. Sai hannu na kan aiki baki ke buɗewa.

A fara sanar da mai unguwa da liman, su kai maganar gaban dagaci. Lokacin da ya fi shi ne bayan an shigar da dawa, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kafin samari su tafi cin rani. Rana ɗaya a mako ta isa, daga la'asar zuwa gab da magariba, ban da ranar kasuwa.

Wajen raba mutane aka fi ɓata abin. Kada a zaunar da saurayi gaban mahaifinsa, balle in ɗan fari ne, ko gaban surukinsa. Kunya ba za ta bari ya yi tambaya ba. A haɗa jika da kakansa ko sa'an kakansa, domin akwai wasa tsakaninsu. Yaro zai ce, "Tsoho, ai igiyar taka ta warware," shi kuma ya ce, "Ja'iri, karɓi ka tufka mu gani." Dattijo ɗaya, yara uku ko huɗu. In sun fi haka, saura 'yan kallo ne.

Maza su zauna a inuwar darbejiya, a yi tufkar igiyar rama, saƙar zana ko yaɓen rumbu. Mata a tsakar gida, da saƙar faifai. A jiƙa kaba tun da safe, don busasshiya karyewa take yi. Daddawa kuwa ba ta zama ɗaya ba ce, sai an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu zuwa uku.

Kafin a tashi, matasa su koya wa tsofaffi waya: ajiye lamba, tura saƙon murya a WhatsApp, gane kiran 'yan damfara. Lambar sirrin banki kam, tsoho ya danna da kansa, yaro ya kau da kai.

Goro da ruwan sha a yi karo-karo. Kada a soma raba kuɗin zama, ranar da ya yanke ba mai zuwa. Ɗan siyasa ma kada a bar shi ya liƙa fasta.

Mai son naɗar tarihin gari a waya ya nemi izini tukuna. In hira ta gangaro kan iyakar gona ko gadon sarauta, a kashe waya, a bar wa mai unguwa.